Huji Huɗu

Fim ba ya isowa gidan silimarmu sai ya gama zaga gari. Manyan silimu na tsakiyar birni su suke fara morarsa yana sabo fil, wata biyu ko uku, daga nan ya faɗa hannun na biye da su, su ma su murje shi son ransu, sannan a cusa shi cikin gwangwanaye a turo mana. Kafin ya zo hannunmu ya sha ƙarce har ya gode wa Allah. Shi ya sa a allonmu kullum ruwa ake yi. Ko jarumi yana kwance a ɗakinsa, ko yana cikin mota, fararen layukan nan suna ta zuba a kansa. 'Yan kallo sun saba, har wasu kan leƙo tagata su tambaye ni ko su shiga da laima.

Ni ce mai sayar da tikiti, shekara tara ke nan. Babana ne mai silimar, kowa Manaja yake ce masa, har Mama. Wana shi yake haska fim, ana kiransa Injiniya, ko da yake ban taɓa ganin ya gyara ko makunnin fitila ba. Amma wadda ta riƙe silimar da gaske, ba a ganinta a can. Gwaggo ce, yayar Baba, wadda ta goye shi, har yau Auta take ce masa da furfurarsa da komai. Tana zaune a ɗakin ƙarshe na gidanmu, kusa da banɗaki, ɗakin da aka gina don ajiyar tarkace.

A nan take barci, a nan take aiki. Katifa ɗaya, tebur ɗaya mai ƙarfen juya faifan da ake naɗe fim a kai, ƙwan lantarki ɗaya rataye dab da goshinta, sai reza da almakashi da kwalbar gam mai warin da yake sa mutum hawaye. Duk fim ɗin da ya zo, sai ya bi ta tsakanin yatsunta tun daga farko har ƙarshe kafin a ɗora shi a inji. Tana juya faifai da hannun dama, zaren fim ɗin yana gudu tsakanin yatsu biyu na hagu. In ta ji yaga sai ta tsaya, ta ɗaga shi a fitila, ta yanke, ta kankare bakin da reza, ta shafa gam, ta haɗa, ta danne. Fim yana da gaba da baya, ita kuwa ba ta tsayawa dubawa, leɓenta take taɓawa da shi, gefen da ya manne shi ne mai hoton. Leɓen ya daɗe da tsattsagewa.

Doka ɗaya ce a aikin, in ji ta. A gefen zaren akwai ƙananan huji waɗanda haƙoran inji suke kamawa, kuma kowane hoto huji huɗu gare shi. In za ka yanka, ka yanka a kan huɗu. In ka kuskure ka haɗa a kan uku ko biyu, hoton zai rabu biyu a allo, ƙafafun mutane su koma sama, kawunansu su dawo ƙasa. Shekara ashirin da shida tana wannan aiki, ba ta taɓa kuskurewa ba, kuma ba wanda ya taɓa ce mata sannu.

Wata safiya na ajiye mata kofin shayi ta hannun hagu. Ta ɗago tana cewa ina shayin da na ce na kawo, ga shi kuwa yana tururi kusa da gwiwar hannunta. Na sa tafin hannuna na rufe mata idon dama, na ce yatsu nawa na ɗaga. Ta yi dariya ta ce in daina yi mata wasan yara. Na ce ta faɗa. Ashe idon hagun ya yi shekara da mutuwa, ta ɓoye.

Na kai ta asibitin ido a ranar. Likitan ya daɗe yana haska ta, sannan ya juyo gare ni, don ya ga ita ba ta da niyyar tambaya.

“Na hagun ya tafi, ba ya dawowa,” in ji shi. “Ruwan cikin idon ne ya yi yawa, ya danne jijiyar har ta mutu. Na daman ma hanyar da ya kama ke nan. Akwai ɗan aiki da za mu yi masa, ba ya kai awa ɗaya. Ku zo ranar Talata. Kafin nan ba sunkuyo, ba ƙura wa abu ido a ɗaki mai duhu. In ta fara ganin zobe kala-kala kewaye da fitila, ko kanta ya sare da amai, kada ku jira Talata, ku taho da gudu.”

Na same su suna cin abincin rana na zayyana musu komai. Baba bai ajiye cokali ba.

“Talata? Talata fa sabon fim yake zuwa.”

“Baba, ido ɗaya ya rage mata.”

“Likitocin nan haka suke, ka je da ƙaiƙayi su ce a yanka.” Ya wanke hannu, ya taka har ƙofar ɗakinta, bai shiga ba saboda warin gam. “Yaya, me nake ji? Wai ido?”

“Dishi-dishi nake ɗan gani, Auta, ba wani abu ba.”

“To kin ji,” ya ce da ni. “Bari wannan fim ɗin ya wuce, ni da kaina zan ɗauke ta a mota.”

Fim ɗin ya wuce, Talata ta wuce da shi. Na koma asibiti ni kaɗai na ba da haƙuri, aka sake ba mu wata Talatar bayan mako biyu. Ita ma da ta zo, sai ga gwangwanaye bakwai a tsakar gida tun da sassafe, fim ɗin yaƙi wanda ya tsinke wuri arba'in da wani abu, kamar a kansa aka yi yaƙin. Baba ya tsaya a kansu yana tafa hannu.

“Ke ma kin gani da idonki. Ni na yayyaga shi? In ba a haska wannan gobe ba, me zan gaya wa mutane?”

Na ce to a koya wa wani aikin. Injiniya yana goge takalminsa, ya ɗago kamar na zage shi.

“Ni? Aikin zama? Warin gam ɗin nan ciwon kai yake sa ni. Kuma ku daina wahalar da kanku, tsufa ne. Wa kika taɓa gani ya tsufa da idonsa garau?”

Na je wajen Mama, ta ce ita fa ba ta shiga tsakanin 'yan uwa. Ciki ɗaya suka fito, in ta buɗe baki a ce tana so ta raba su, ko a ce ta gaji da ciyar da dangin miji. Ta faɗi haka tana zuba wa Gwaggo abinci a ƙaramin kwanon da ya fashe a baki.

Ni ma bari in faɗi nawa, kada in wanke kaina. Na zauna kusa da ita safiya biyu da niyyar koyo. Ranar farko zaren ya yanke ni a yatsa, rana ta biyu warin ya kore ni. Rana ta uku na ce ina da wanki. Ba ta sake yi min maganar ba, ni ma ban sake ɗagowa ba.

Daga nan abin ya riƙa gaba. Ta ce a canza mata ƙwan fitila da wanda ya fi haske, wannan kam Baba bai yi musu ba, a ranar ya sayo. Ta riƙa kawo fim dab da idonta har yana shafar gashin idon. Ƙwan ya ƙona mata goshi, wurin ya yi baƙi. Gam ya kashe mata kan yatsu, ba ta jin hujin sosai, sai da farce take bin su ɗaya bayan ɗaya. Aikin da take gamawa kafin azahar ya koma kai ta la'asar. In na shiga ɗaukar kwano sai in tarar da abincin ya huce, ƙuda na kai.

Sau ɗaya na ji ta yi ƙorafi, shi ma ba don kanta ba. Baba ya zo karɓar faifai, ta ce da shi:

“Auta, haƙoran injin nan sun cinye. Fim yana dawowa daga wajenku da sabon yagar da ba da ita ya zo ba. Ni na san abin da na sallama, na san abin da yake dawo min.”

“Yaron nan ya duba, ya ce lafiyarsu ƙalau.”

“To,” in ji ta.

Ranar wata Asabar, kallon ƙarfe huɗu, silima ta cika maƙil, abin da muka daɗe ba mu gani ba. Ina rufe tagata na ji dariya ta ɓarke a ciki, alhali fim ɗin na ban tausayi ne. Na ɗaga labule na leƙa. A allo wata uwa ce take kwance tana cikawa, ɗanta durƙushe a gabanta yana kuka. Sai dai gwiwoyinsa da ƙafafun gadon suna sama, baƙin layi ya ratsa tsakiya, kawunansu suna ƙasa. Na san daga inda wannan ya fito.

Irin wannan kuskure ba ya kai wa ko'ina in mai haska fim yana wurin aikinsa. Akwai ɗan maɓalli a jikin inji, murɗawa ɗaya hoto ya koma daidai, kafin 'yan kallo su gama ƙifta ido. Na haura bene da gudu, na tarar da ɗakin inji a kulle, inji yana ta aikinsa shi kaɗai. Injiniya yana tsallaken titi wajen mai shayi, yana musun ƙwallo.

Dariya ta koma fito, fito ya koma dukan kujeru. Kafin a kira shi ya zo ya lalubo makulli, an fi minti goma. Ya shiga a gigice, maimakon ya murɗa maɓallin sai ya tsayar da injin bai kashe fitilarsa ba. Muna kallo fuskar uwar ta yi ƙuraje, ta narke, allo ya yi fari tas. Ya fizgi zaren, ya sake kunnawa a karkace, haƙoran nan suka bi gefen fim ɗin suna yaga har kusan rabin faifai. Aka karya kujeru, aka fasa gilashin tagata, kowa ya watse yana zagin uwarmu da ubanmu.

Da muka koma gida Baba bai ko kalli ɗansa ba. Kai tsaye ya wuce ɗakin ƙarshe, yau kam warin bai hana shi shiga ba. Ya jefa mata guntun fim ɗin a cinya.

“Ƙirga min.”

Ta lalubo mahaɗin, ta bi shi da farce, ta sake bi.

“Uku ne, Auta. Wallahi huɗu na ƙirga, ashe uku ne.”

“Kin kashe ni. Kin tozarta ni a gaban gari. Abu ɗaya tak kike yi a gidan nan, shi ma ya gagare ki?”

Ranar na fara ganin Gwaggo tana kuka. Ba ta yi kuka ba ranar da aka ce idonta ya mutu, amma ta yi a kan huji ɗaya. Na ce Baba, ai ɗakin injin a kulle yake, ba kowa a ciki. Ya ce in na sake sa baki sai ya ɓalla min haƙori. Injiniya yana jingine da bango yana danna waya.

Ranar Litinin wakilin kamfanin da yake ba mu fina-finai ya aiko cewa yana tafe. Kafin ya iso, Baba ya shiga wajenta da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi in yana neman abu.

“Yaya, ki rufa min asiri. In aka ce yaron nan ne, ko aka ce injinmu ne, shi ke nan sun cire mu, ba mai sake ba mu fim ko na kyauta. Ke kuwa tsohuwa ce, me za su yi miki? Ki ce a tebur ya yage.”

Wakilin ya zo, mutum ne mai ƙiba, da hankici a hanci. Ya warware faifan a bakin ƙofa inda haske yake, ya bi gefensa da yatsa.

“Manaja, wannan ai ba aikin tebur ba ne. Wannan haƙori ne.”

“Tambaye ta, ga ta nan.”

“Ni ce, ɗan nan,” in ji Gwaggo, kanta a ƙasa. “Hannuna ne ya kufce na fizge shi.”

Ya dube ta, ya dubi baƙin tabon goshinta, ya dubi Injiniya. Na rantse ya gane. Ya ɗaga kafaɗa, don shi ba alƙali ba ne, fim ɗinsa yake so. Ya ce akwai wata silima a bayanmu da take jiran wannan fim, ashe mu ma akwai na ƙasa da mu. Ranar Alhamis da safe zai dawo. In faifan zai iya bi ta inji, magana ta wuce. In ba zai iya ba, Baba ya nemi wata sana'ar.

Washegari ce Talatarmu ta uku. Ma'aikaciyar asibitin da ta rubuta min ita sai da ta ɗaga kai ta ce, “Wannan karon fa ku zo.”

Gyaran huji ya fi kowane gyara cin ido. Kowane hujin da ya yage sai an bi shi da bakin almakashi an zagaye shi sumul don kada ya maƙale, wanda ya tafi gaba ɗaya kuma a yanko lafiyayye daga tsohon fim a liƙa masa. Ga su nan jere, ba su ƙirguwa. Ta fara tun tafiyar wakilin, ba ta tashi ba sai don salla.

Da safiyar Talata na shiga na tarar ta yi wanka, ta sa kayanta masu kyau, ta haɗa 'yar jakarta tana zaune a bakin katifa. Ban taɓa ganin ta shirya ba tare da an ce ta shirya ba. Na kama hannunta muka fito. A tsakar gida muka yi kiciɓis da Baba.

“Ina zuwa?”

“Yau ce Talatar, Baba.”

“Faifan fa?”

Gwaggo ta saki hannuna ta matsa kusa da shi.

“Auta, ka bar ni in je. Awa ɗaya ya ce. Jiya na ga zoben nan.”

“Wane zobe kuma?”

“Wanda likita ya faɗa. Kewaye da fitila, ja da kore. Kaina kamar ana buga ƙusa. Ban taɓa roƙonka komai ba, Auta. Wannan ɗayan ne ya rage min.”

Na ɗauka zai yi laushi. Fuskarsa ta ɗan motsa, ya kau da kai ya kalli bango. Sai ya juyo a fusace, kamar ita ta yi masa laifi da ta sa shi jin kunya.

“In an yi aikin ai rufe idon za su yi, kwana nawa? Wa zai gama? Wa ya jawo mana wannan tun farko? Ke kika ɓata, ke za ki gyara. Ko so kike a rufe silimar mu kwashi kaya mu koma titi, har da ke? Kwana biyu kacal nake roƙo. Ido bai mutu a wata uku ba, sai a kwana biyu? Alhamis yana karɓar kayansa, wallahi da kaina zan kai ki.”

Ya zare jakar daga hannunta ya miƙa wa Mama. Mama ta karɓa tana cewa ai kwana biyu kamar yau ne, Yaya, ki yi haƙuri.

Na ce, “Baba, likita ya ce in ta ga zoben a kawo ta da gudu.”

“Ke kuma wuce ki je ki jira mai sa gilashin taga.”

Na wuce. Ina da ƙafa, ina da baki, ga motocin haya suna wucewa a ƙofar gida, ba abin da ya hana ni in ja hannunta mu fita sai tsoron Baba. Har na kai bakin ƙofa ina jin takunta tana komawa, tana dafa bango. Na tsani kaina a ranar, kuma har yau ban daina ba.

Da na dawo da yamma ta yi amai sau uku. Idon ya yi jajir, ya kumbura, ruwa na bin kuncinta. Mama ta ba ta ƙwayar ciwon kai biyu, ta jiƙa tsumma ta ɗaure mata a goshi, ta ce zafin ƙwan nan ne. Baba ya leƙo ya tambayi inda aka kai, ya ce madalla, ya aika a sayo mata lemo mai sanyi. Injiniya ya ce a riƙa rufe ƙofar, warin yana shiga ɗakinsa.

Laraba wajen la'asar, ina shirin fita silima, na ji ta kira ni.

“'Yar nan, an ɗauke wuta ne?”

Ƙwan yana ci a saman kanta, har zafinsa ina ji daga ƙofa.

“Na ce an ɗauke wuta ne?”

“Gwaggo, akwai wuta.”

Ta ɗaga hannu a hankali har ya kusa taɓa ƙwan, ta ji zafin, ta janye. Ta daɗe zaune haka, almakashi a cinyarta. Na durƙusa na ce ta tashi mu tafi yanzu, ko Baba zai kashe ni. Ta girgiza kai.

“Kada ki gaya wa Auta tukuna. Saura kaɗan. In na bar shi a nan, duk wahalar ta tashi a banza.”

Ta lalubo zaren, ta kai shi leɓenta, ta gane gabansa, ta ci gaba. Na tsaya ina kallon farcenta yana bin gefen fim ɗin, almakashi yana biye da shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na faifan haka ta yi shi.

Alhamis da safe wakilin ya zo. Ya ja fim ɗin ta tsakanin yatsunsa, ya ɗaga a haske, ya sake ja, ya cire hankici daga hanci.

“Kai, Manaja! Irin wannan hannu ko a manyan silimu ba na samu. Wa ya yi?”

“Yarona ne,” in ji Baba. “Tsohuwar kam mun sallame ta daga aikin.”

Wakilin ya miƙa wa Injiniya hannu, shi kuma ya karɓa.

Baba ya cika alkawari, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya sa kayansa masu kyau, ya goge mota, ya buɗe mata ƙofar gaba da hannunsa. A asibiti ya riƙa gaishe da mutane yana cewa yayata ce na kawo. Likitan ya haska idon bai fi minti biyu ba, ya ajiye fitilar a tebur da ƙarfi.

“Yaushe ta fara ganin zoben?”

“Litinin,” na ce.

“Yau kuma Alhamis. Me na gaya miki?” Ya juya kan Baba. “Da kun kawo ta Talata, da da idonta za ta koma gida. Ko jiya da safe da na gwada. Yanzu babu abin da zan yi wa aiki. Zan ba ta magani don ciwon ya lafa, shi ke nan.”

Baba ya yi salati, ya share fuska, ya ce haka Allah ya ƙaddara. Har mun miƙe, sai Baba ya ɗan rage murya.

“Likita, to ita maganar kada ta sunkuya, kada ta zauna a ɗakin nan, har yanzu tana nan? Ina nufin, aikin zai ƙara mata wani lahani?”

Likitan ya dube shi ya ce:

“Babu abin da ya rage da za a lahanta.”

“To alhamdu lillahi,” in ji Baba.

Kwana huɗu aka ba ta ta huta. Ranar Talata sabbin gwangwanaye suka iso, Baba ya kinkime su da kansa har ɗakin ƙarshe, ya jera mata su inda hannunta zai kai.

“Yaya, kin ga ikon Allah? Ashe ke ba ido kike aiki da shi ba, hannu ne. An ce min ƙarshen faifan nan ba ki ganin komai kika yi shi, mutumin kuwa da ya ƙware bai gane ba. Yanzu ai sai ki kwantar da hankalinki, ba zirga-zirgar asibiti, ba komai.”

Ni na gaya masa haka, a mota, da nufin in kunyata shi.

Ta ce, “To, Auta.”

Har ya juya zai fita, sai ya ɗaga kai. Ya naɗe hannunsa da gefen riga, ya kwance ƙwan lantarkin, ya hura masa iska. Ya ce na ɗakin tikiti ya kwana biyu yana ƙifta ido, ga wannan sabo zai zauna a banza.

Wata biyar ke nan. Haƙoran injin suna nan yadda suke, Injiniya yana nan wajen mai shayi, Mama har yanzu ba ta shiga tsakanin 'yan uwa. A unguwa kuwa ba wanda ake yabo kamar Baba. Jiya ma na ji wani dattijo yana cewa a zamanin nan wa zai riƙe makauniyar yayarsa a gida, ci da sha da wurin kwana, bai kai ta ko'ina ba, sai Manaja. Baba ya sunkuyar da kai ya ce ai zumunci ne. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya kulle ta, ba wanda ya hana ta abinci, don haka babu inda za a kai ƙara, kuma babu wanda za a kai. Mu huɗu muka taru muka cinye mata ido da bari gobe, kowa da dalilinsa mai kyau, kuma duk ranar Talata ni ce nake kai mata kwalbar gam.

Ƙwan yana nan a saman kaina a ɗakin tikiti. Ɗazu wata mata da take yawan zuwa kallon ƙarfe huɗu ta sunkuyo ta tagata, ta kalli sama.

“A'a, kwanan nan wurin naki ya yi haske,” in ji ta. “Da kamar kogo.”

Na yago mata tikitinta, na ce ta shiga, an kusa farawa.